Ɗayan Hedimasta

Tabiyu ba sunanta na yanka ba ne. Mahaifinta ya laƙaba mata shi tun tana firamare. Duk ƙarshen zangon karatu idan ta kawo sakamako gida, sai ya matsa kusa da taga, ya ɗaga takardar ya duba, ya ce, "Ta biyu kuma." Ba ya faɗa, ba ya duka, ninke takardar kawai yake yi ya miƙa mata. Shi hedimasta ne, malamin lissafi, kuma a wurinsa duniya a jere take: akwai na ɗaya, sannan akwai sauran jama'a. Mai zuwa na ɗaya a ajinsu yakan canja, bana wannan, baɗi wancan, amma ita tana nan a ta biyu kamar an kafa ta da ƙusa. Sunan ya bi ta makarantar gaba, ya bi ta gidan miji. Yau 'ya'yanta in an tambaye su sunan mamarsu, sai sun ɗan yi tunani.

Ta so ta karanta likitanci, maki kaɗan ya hana ta. Sai ta karanta ƙididdiga, ta fito da takarda mai kyau, ta yi ta yawon neman aiki har dugadugan takalminta suka cinye. A ƙarshe ta samu wuri a wani shagon tabarau da ke ƙarƙashin gadar sama, inda ƙarar motoci ke sa gilasan cikin durowa rawa. Aikinta shi ne goge gilashi da miƙa wa kwastoma madubi.

Mai riƙe da shagon wata mata ce da kowa ke kira Anti Zauna, domin duk wanda ya shigo, komai saurinsa, maganarta ta farko ita ce, "Zauna tukuna." Ba ta sallamar mutum sai ta ɗumama hannun tabarau a kan ɗan injinta, ta lanƙwasa shi daidai bayan kunnensa, ta sa ya sunkuya ya ɗago, ya karanta mata rubutun jikin kwalbar magani. Tsofaffi ne suka fi zuwa wurinta. Ita ta koya wa Tabiyu cewa ba a goge gilashi da gefen mayafi, kuma ba a ce wa dattijo idonsa ya mutu, sai dai a ce rubutun zamani ne ya ƙanƙance.

Shagon ɗaya ne daga cikin rassa huɗu na wani likitan ido: akwai reshen Gada, da na cikin babban kanti, da na kusa da asibiti, da na bakin jami'a. Da Likita ya gano cewa mai goge gilashin Gada ta iya ƙididdiga, sai ya ɗauke ta ya mayar da ita babban ofis, ya ba ta tebur kusa da injin kwafi, da kwamfuta, da aiki guda: ta riƙa tattara abin da kwastomomi ke faɗa game da rassan, ta zana shi yadda mutum mai sauri zai fahimta da kallo ɗaya.

Ta hanya uku maganar kwastomomi ke iso ta. Ta farko wata na'ura ce a bakin ƙofar kowane reshe, mai maɓallai uku da fuskoki uku: mai murmushi, mai shiru, da mai ɗaure fuska. Ta biyu saƙon waya ne da ke zuwa wa duk wanda ya karɓi tabarau, yana tambayarsa nawa zai ba reshen daga ɗaya zuwa biyar. Ta uku lambar waya ce da aka manna a bangon kowane shago, an rubuta Layin Ƙorafi a samanta, inda mutum zai bar saƙon murya.

Tabiyu ta ƙaunaci aikin nan fiye da yadda ta zata. Abin da ya fi burge ta shi ne hanyoyin uku ba yare ɗaya suke yi ba. Fuskoki uku ne, lambobi biyar, murya kuwa ba ta da lamba ko ɗaya. Takan ce ba a auna yadi da mudu, don haka sai da ta mayar da fuskokin da lambobin kan ma'auni guda, kashi nawa cikin ɗari suka gamsu, kafin ta jera su kafaɗa da kafaɗa. Kowane reshe da sandunansa, kowace hanya da launinta. Ba ta yarda da ado a zane. In ta ga an yi wa sanda inuwa ko an karkata ta don kyau, sai ta ce an sa wa gaskiya jan baki. Ranar taron wata, in aka haska zanenta a bango, har akanta mai kula da kuɗin ofis, wanda ba ya yabon kowa, yakan gyara zama.

Sai ga shi zanen nan nata ya fara cin Anti Zauna.

Wata bayan wata, sandar saƙon waya ta reshen Gada tana can ƙasa, guntuwa, kamar yaro a cikin sahun manya. Mutane da yawa ɗaya suke ba shi. Kuma a Layin Ƙorafi babu reshen da ya kai shi yawan saƙo. Ba wanda ke sauraron saƙonnin nan, sun yi yawa kuma sun yi tsawo, ƙirga su kawai ake yi, a ce ga adadin ƙorafin kowane reshe. Na'urar bakin ƙofa ce kaɗai ke cewa mutanen Gada suna fita da murmushi, amma ita ba a cika yarda da ita ba, tun ranar da aka kama maigadin wani reshe yana danna mai murmushin duk lokacin da ya gaji da zama.

A taron da aka yi hayar shagon Gada na gab da ƙarewa, Likita ya daɗe yana kallon bango. Mutum ne mai magana a hankali, ba ya yanke hukunci da fushi.

"Shaidu biyu sun ce a'a, ɗaya ya ce e, kuma shi ɗin mun san halinsa," ya ce. "Ba na jin zan sabunta hayar nan. A taro mai zuwa za mu rufe maganar." Ya juyo ya dubi Tabiyu. "Na san can kika taso. Ban ce ki ji daɗi ba."

"Zanena ne, Likita," ta ce. "Abin da ya nuna ke nan."

Ta faɗi haka, sannan ta koma teburinta ta zauna. Ta san shagon nan ciki da bai. Ta san tsohon da ke zuwa a ɗaure masa ƙusar tabarau ko ba ta kwance ba, don dai ya zauna a gaisa. In an rufe, Anti Zauna ba za ta iya reshen babban kanti ba, inda ake sallamar mutum kafin ya gama sallama. Gida za ta koma. Kuma hannun da ta koya wa riƙe gilashi shi ne ya zana mata hanyar. Tabiyu ta sake bin lissafin tun daga tushe, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ciwo.

Ƙarshen makon ta kai yara gidan iyayenta. Ta tarar da Hedimasta a falo, a kujerarsa ta kusa da taga, da jarida a buɗe, da sabon tabarau a hanci. Ya shekara yana cewa jaridun yanzu ba su da abin karantawa, alhali gani ne ba ya yi. Umma ce ta matsa masa har ya je shagon Gada.

"Tun da ya samo idon nan ban huta ba," in ji Umma, tana zuba shayi. "Jiya ƙura ya gano mini a saman firji. Shekara nawa tana nan ba ta dame shi ba."

"Matar nan ta san aikinta," ya ce, bai ɗago daga jaridar ba. "Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Amma da na fito, har lambar motar da ke tsallaken titi na karanta. Sun aiko mini da tambaya a waya, na ba su ɗaya."

Tabiyu ta ajiye kofinta.

"Ɗaya, Baba? Me suka yi maka?"

"Me suka yi mini? Ido suka buɗe mini."

"To ai ɗaya shi ne na ƙarshe. Biyar ne mai kyau."

Sai a lokacin ya sauke jaridar. Ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa yaron da ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne.

"A wace makarantar?"

"Baba, taurari ne. Biyar sun fi ɗaya yawa."

"Ni ban ga tauraro ba. An ce daga ɗaya zuwa biyar, nawa zan ba su. Na koyar har na yi ritaya, ban taɓa ganin an kira na biyar an ba shi kyauta ba. Ke da kanki kin sani."

"Ita kam ta sani," in ji Umma.

Tabiyu ta karɓi wayarsa, 'yar ƙarama mai maɓallai, wadda lambobinta suka goge don dannawa. Ta nemo saƙon. A babbar waya irin tata, taurari biyar ne ke fitowa a jere, mutum ya taɓa adadin da yake so. A tasa kuwa, inda taurarin ya kamata su fito, wasu 'yan akwatuna ne babu komai ciki, sai tambayar tsirara a ƙasa. Ta zauna da wayar a hannu tana tuna bencin shagon Gada da waɗanda ke zama a kai, da irin wayoyin da suke zarowa daga aljihu.

Da aka koma aiki ta sa abin sauraro a kunne, ta buɗe Layin Ƙorafi na reshen Gada, abin da ba wanda ya taɓa yi. Saƙon farko wata tsohuwa ce. Ta yi sallama, ta gaida mai sauraro da aiki, ta tambayi iyalinsa, ta tambayi gajiyarsa, sannan ta ce ta kira ne ta shaida cewa yau ta zura zare a allura da kanta, Allah ya yi wa matar shagon albarka, ya raya mata zuri'a. Na biyu wani dattijo ne da ya ce ba shi da ƙorafi, amma lambar nan kaɗai ya gani a bango. Na uku addu'a ce tun daga farko har lokacin saƙon ya ƙare ya yanke shi a tsakiyar amin. Tabiyu ta yi dariya har mai kwafi ya leƙo, sannan ta ga idonta ya kawo ruwa, ta juya fuska wajen bango. Watanni tana zana addu'o'in mutane da jan launi.

Ta raba saƙonnin gida uku, yabo da ƙorafi da tambaya, ba na Gada kaɗai ba, na rassan duka, don kada a ce ta auna wani da mudun da ba ta auna saura da shi ba. Sannan ta ɗauki lambobin wayar waɗanda suka ba da ɗaya ta gwada su da na masu saƙon murya. Da yawa mutum guda ne: ya danna ɗaya da safe, ya kira ya yi godiya da rana. Waɗanda ba su bar murya ba, ta nemi izinin Likita ta kira su, ba ta faɗa masa dalili ba tukuna, ta ce dai tana tantance wani abu.

"Baba, daga shagon tabarau ne. Ɗayan da ka ba mu, na yabo ne ko na fushi?"

"'Yata, ana fushi da ɗaya? Ko akwai abin da ya fi shi ne ban sani ba? In akwai, ƙara musu."

Wata kuma ta ce jikarta ce ta danna mata, ita dai ta ce a ba su na farko. Akwai kuma masu ɗayan gaske. Wani magini ya ce ya bar aiki ya zo, aka ce ya zauna tukuna, ya zauna har rana ta raba, aikin ranar ya wuce shi. Wannan ta bar masa ɗayansa yadda ya bayar.

Da ta gyara lambobin ta sake zanen, sandar Gada ta miƙe ta wuce kowa. Daga na ƙarshe ta koma na ɗaya. Tabiyu ta jingina da kujera tana kallonta. Ta hango fuskar Anti Zauna, ta hango ta akantan ofis. Ta ma hango kanta a falon Hedimasta tana faɗa masa, sau ɗaya dai a rayuwa, cewa wani abu nata ya zo na ɗaya. Ta adana zanen, ta tashi ta tafi cin abincin rana da sauƙin jiki.

A kan hanyar dawowa ne, tana jiran motoci su tsagaita ta tsallaka, abin ya faɗo mata. In dattijon da ya ji daɗi yana ba da ɗaya, to dattijon da ya ji haushi nawa zai bayar?

Ta tsaya a bakin titin har motocin suka tsagaita suka sake tasowa. Ba wanda ya tambaye ta wannan. Masu biyar suna can cikin lissafi a matsayin masu yabo, ba su dami kowa ba. Likita zai ga masu ɗaya, ya ji muryoyinsu, ya gamsu. In ta taɓa masu biyar, ba ta san inda sandar za ta tsaya ba. Tana iya saukowa kaɗan, tana iya komawa inda ta fito, ta tafi da shagon. Ta shiga ofis ta zauna, ta buɗe zanen nan mai kyau ta kalle shi. Ya yi mata kama da sandar da aka yi wa inuwa.

Ta ɗauki waya ta fara kiran masu biyar.

Mafi yawansu masu manyan wayoyi ne, sun ga taurari, biyar ɗinsu biyar ce. Amma ba duka ba.

"Baba, biyar ɗin da ka ba reshenmu na Gada, na yabo ne?"

"Yabo? Don babu shida ne na tsaya a biyar. Tun safe nake kan bencin nan da ba shi da majingina, ni da ciwon baya. Matar kirki ce, ban ce ba. Amma mutum ɗaya tana hira da kunnen kowa, mu muna layi kamar masu jiran jirgi."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Tabaran fa?"

"Tabarau lafiya lau. Da shi nake ganin lambarki yanzu. Bayana ne bai yafe ba."

Irin wannan ta samu ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk wanda ta samu, sandar Gada ta ɗan rage tsawo, ita kuma ta ji kamar daga jikinta ake yanka. Ta kira na sauran rassan ma, masu ɗaya da masu biyar, tana neman masu ƙananan wayoyi. Can ba su da yawa. Da ta gama, ta rufe ido kafin ta danna, sannan ta buɗe. Reshen asibiti ne a gaba. Gada na bin sa.

Ta kalli abin, sai dariya ta kama ta, ita kaɗai a teburinta.

Ranar taro ta haska tsohon zanen tukuna, wanda kowa ya sani. Sannan ta zagaya da wayar Hedimasta, wadda ta aro da sharaɗin za ta dawo da ita kafin la'asar, kowa ya ga 'yan akwatunan da babu taurari. Ta kunna musu tsohuwar mai allura, ta kunna mai cewa lambar nan kaɗai ya gani a bango. Akanta ya ce, "Ikon Allah," ya cire nasa tabaran ya duba, kamar shi ma bai yarda da shi ba. Sannan ta haska sabon zanen, hanyoyi uku a jere ga kowane reshe, kuma a karon farko sandunan Gada uku suna kusa da juna, suna faɗin magana ɗaya.

Likita ya juyo ya dube ta.

"Kin san abin da za a ce," ya ce. "Za a ce 'yar Gada ta je ta nemo wa Gada maki."

"Za a ce. Shi ya sa na kawo wannan." Ta haska zane na uku, wanda Gada ke na ɗaya. "Nan ya tsaya da na gyara masu ɗaya kaɗai. Sai na kira masu biyar." Ta kunna musu mai cewa don babu shida ne. Dariya ta tashi a ɗakin, ta kwanta. "Wannan ya sauko da shi na biyu. Ƙorafin gaskiya ne, kuma kusan duk iri ɗaya ne: jira, da benci. Ba wanda ya ce tabarau bai yi ba."

"Da kin kawo mini wancan kaɗai," in ji Likita, yana nuna zanen na ɗaya, "da a mota zan tuna da masu biyar, kuma da ban sake yarda da sandunanki ba." Ya juya wajen akanta. "A sabunta hayar. A sayi kujeru masu majingina. A nemo wanda zai riƙa karɓar masu ƙananan gyare-gyare, ita ta ji da masu sabon tabarau. Saƙon nan kuma a sake rubuta shi da kalmomi, a faɗa wa mutane wanne ne babba. Allon Layin Ƙorafin ma a canja masa suna, tunda ba ƙorafi kaɗai ke bi ta kansa ba."

Da kanta ta je Gada ta kai labarin. Motoci na wucewa a sama, gilasai na rawa a durowa, bencin cike. Anti Zauna tana lanƙwasa hannun wani tabarau, ba ta ɗago ba.

"Zauna tukuna."

Tabiyu ta zauna a ƙarshen bencin, ta ji da bayanta abin da dattijon nan ya faɗa. Da layi ya zo kanta, ta ba da labarin tun daga farko. Anti ba ta ma san an yi niyyar rufe shagon ba, ko kuma ta sani ta ƙi nunawa, da ita ba a ganewa. Ta saurara tana goge wani gilashi da ba ya bukatar gogewa.

"Na biyu," ta ce. "Wa ya zo na ɗaya?"

"Reshen asibiti."

"Waɗanda ke ba mutum tabarau a leda kamar sabulu." Ta tsuke baki. "Kuma an ce mini ke kika bi mutane gida-gida kina tambayar wa na ɓata wa rai."

"A waya ne, Anti."

"Ke da na koya wa riƙe gilashi."

"Ke kika ce in na ga tabo kada in juya shi wajen bango."

Anti Zauna ta ɗaga gilashin wajen haske ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce bencin dai tun tuni ta faɗa, ba a ji ba. Ta miƙo hannu ta zare tabaran Tabiyu daga fuskarta ba tare da tambaya ba, ta ce ya karkace, kunnen hagu ya fi na dama sauka, a haka take zana wa mutane sanduna? Ta kunna ɗan injinta.

Kafin la'asar Tabiyu ta mayar wa Hedimasta wayarsa. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya tabbatar ba a canja masa komai ba.

"To, nawa suka zo?"

"Na biyu, Baba."

Umma ta fashe da dariya daga kicin. "Gado ba ya ɓata. Duk abin da ta taɓa."

Hedimasta bai yi dariya ba. Ya ce ta zauna ta yi masa bayanin yadda aka yi, dalla-dalla, kamar yadda yake sa ɗalibai su nuna hanyar lissafi ba amsa kaɗai ba. Ta faɗa masa na masu ɗaya, ya gyaɗa kai, don a ganinsa su ne masu hankali tun farko. Ta faɗa masa sandar ta kai na ɗaya. Ya ɗaga gira. Sai ta faɗa masa na masu biyar.

"Wa ya ce ki kira su?"

"Ba kowa."

"Likitan bai tambaya ba?"

"Bai kai ga tambaya ba."

"Kuma kin san zai sauko da ku."

"Na san zai iya."

Ya cire tabaran, ya ɗauko ɗan ƙyallen da Anti Zauna ta ba shi, ya goge gilashin dama, ya goge na hagu, ya mayar. Ya ɗauki jarida. Ya ce shi dai har yanzu bai yarda biyar ta fi ɗaya ba, duniya ce ta kife, kuma in sun sake aiko masa da tambaya zai kira ya yi musu bayani. Umma ta ce Allah ya ba mai sauraron haƙuri. Tabiyu ta ce ita ce mai sauraron. Daga nan hira ta koma kan ƙurar saman firji.

Har yau tana teburin nan kusa da injin kwafi. An ƙara mata aiki, ba a ƙara mata wuri ba. Duk wata tana sauraron muryoyin da kanta, gaisuwa da addu'a da komai, ta ce wanda bai jure sallamar mutum ba ba zai ji ƙorafinsa ba. In sanduna uku na wani reshe suka saɓa wa juna, ba ta zaɓar biyu ta yar da ɗaya, sai ta je ta gano abin da ya raba su. Sababbin ma'aikata suna zaton Tabiyu sunanta ne na gaske, ita kuma ta daina gyara musu.

Washegarin ranar da ta mayar da wayar, tana cikin motar haya za ta ofis, a matse tsakanin wata mai kwando da taga, saƙo ya shigo mata. Daga Hedimasta ne, wanda bai taɓa aiko mata da saƙo ba, kira yake yi ya yi magana ya kashe ba sallama. Babu gaisuwa, babu komai, lamba ce guda: 1.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta rubuta, "Na wace makarantar, Baba?"

Motar ta wuce tasha biyu kafin amsar ta zo, don da yatsa ɗaya yake rubutu, yana neman kowane harafi.

"Tawa."